Fuseina Ta Tafi Kiredit Yuniyon

A unguwar Mamobi, idan mace ta yafa mayafinta, ta rataya jaka, ta ce, "Na tafi kiredit yuniyon," to magana ta ƙare. Miji ba ya ƙara tambaya, suruka ba ta ƙarawa, har maƙwabciya mai dogon wuya sai dai ta haɗiye miyau ta koma wanke-wankenta. Don a Zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, ba a yi wa mutum bincike a kan abin da yake ajiyewa. Ita kuwa kiredit yuniyon ɗin akwai ta, ba ƙarya ba. Ƙungiyar ajiya da rance ce ta mutanen unguwa, ofishinta na nan a saman shagon mai fenti, ɗaki ɗaya da benci da fanka mai kuka, kuma ran Asabar ake taro. Amma da a ce duk matan da ke cewa can za su, can ɗin suke zuwa, da tuni benen ya rufta a kan mai fenti. Wata gidan kitso ta nufa, wata wajen malaminta, wata kuwa so take kawai ta zauna a gidan ƙawa ta ci tuwon da ba ita ta tuƙa ba.

Fuseina mai albasa ta Kasuwar Malam Atta kuwa, wajen Imoro take zuwa.

Kada zuciyarku ta kai ku nesa. Fuseina ta haura hamsin, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwali, gwiwarta ta hagu tana gaya mata za a yi ruwa tun kafin hadari ya taso. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Shi kuma Imoro tela ne a unguwar Kotobabi, mai ɗinkin kayan maza, dattijo siriri da tabarau a kan hanci. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk mata ne, duk sun yi aure. Shagonsa a buɗe yake a bakin titi. Ita tana kan benci, shi yana kan keke, tsakaninsu kwanon gyaɗa, duk mai wucewa yana iya ganinsu.

Asalin abin, kaftanin marigayi ta kai masa a rage wa ɗanta Basit. Imoro ya juya kaftanin, ya yaba yadin, ya ce ta dawo ran Asabar. Ta dawo, ya ce wallahi an ɗauke wuta, ta dawo wata Asabar. Ta duba keken, ta ga na ƙafa ne, ba ruwansa da wuta, amma ta sami benci ta zauna. Asabar ta bi Asabar, damina ta zo ta wuce, kaftani na rataye a ƙusa ko almakashi bai taɓa shi ba. Ita ta daina tambaya, shi ya daina neman dalili.

Wata rana yana zura zare a allura, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Fuseina, bencin nan ya gaji da ke. A gida akwai kujera mai laushi."

Ta gane. Zuciyarta ta buga kamar ta yarinya, har ta ji haushin kanta. Ta ce, "Bari in gaya wa Basit."

A nan gizo ke saƙar. Basit shi kaɗai Allah ya bar mata. Direban tasi ne, ƙato, mai son uwarsa har abin ya yi yawa. Tun ranar da aka binne ubansa ya ɗauke ta kamar ƙwai. Shi ke biyan hayar ɗakinta, kullum da safe sai ya tsaya da mota ya ajiye mata burodi, idan ta yi tari sau ɗaya sai ya dawo da magani kala uku. Kuma da kunnenta ta ji abin da ya ce ranar da wata gwaggonsa ta sake aure da jikoki a gabanta: "Abin kunya, Mma. Yanzu sai a ce 'ya'yanta sun kasa ciyar da ita. Ni da uwata ce, da ban sake shiga tasha ba." Tun daga nan, duk lokacin da Fuseina ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta ji kanta tana tambayarsa kuɗin mai ya sauka ko bai sauka ba. Tana son Imoro, ba ta kuma son ta rasa ɗanta. Don haka kowace Asabar sai ta yafa mayafi ta ce ta tafi kiredit yuniyon.

Basit kuwa abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Duk fasinjan da ya shiga motarsa sai ya ji labari. "Tsohuwata ba ta wasa. Ko ana ruwa ko ana rana, ba ta fashin taro. Matan yanzu su zo su koya."

Ana nan ana nan, sai ƙungiya ta ce za ta yi bikin cika shekara goma, kuma za a yi yayi, wato atamfa iri ɗaya kowa ya ɗinka. Amma wannan yayin ba na kasuwa ba ne da kowa zai je ya yanko. An buga shi musamman, da alamar ƙungiya a jiki, hannaye biyu riƙe da asusu, kuma 'yan ƙungiya kaɗai ake ba.

Kai, Mamobi ta ga tashin hankali! Mazan da suka yi shekaru suna shiru duk suka sami baki. "Hajiya, ina naki yayin?" Wata ta ce ai ta fita daga ƙungiyar tun watan jiya, shugabannin ba su da kirki. Wata ta ce kalar ba ta karɓe ta ba, ta bar wa mabukata. Wata kuma ba ta tsaya dogon bayani ba, ta tattara ta tafi can garin Tamale gaida uwarta da ba ta da ciwon komai.

Basit ya zo da burodinsa yana washe baki. "Mma, na ji labari a tasha! Ran bikin nan ba zan yi aiki ba. Zan wanke mota, ni zan kai ki har gaban rumfa, kowa ya ga uwar wa ce. Ina yayin, in gani?"

"Yana wajen tela," in ji Fuseina. 

Ba ta jira Asabar ba. Ta bar wa maƙwabciyar rumfarta albasa, ta hau mota sai Kotobabi, ta zube a kan benci ta kwashe duka ta gaya wa Imoro. Shi kuwa ya cire tabarau ya yi ta dariya har da tari. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata leda. Ga yayi nan, shuɗi, sabo fil, hannaye biyu riƙe da asusu.

"Ina ka samo?"

"Nawa ne. An aiko mini. Ai ni ɗan ƙungiya ne tun ranar da aka kafa ta."

"Kai? To yaya ban taɓa ganin ka je taro ba?"

"Ran Asabar ake yi," in ji Imoro. "In na tafi, wa zai ci gyaɗar nan da ke?"

Ta rufe fuska da gefen mayafi. To kun ji. Ita kullum tana kiredit yuniyon da baki, shi kuma mai kiredit yuniyon ɗin na gaskiya ya daina zuwa saboda ita.

Ya mayar da tabarau, dariyar ta ɗauke. "Amma Fuseina, gara ki gaya wa yaron nan. Ni ba na jin daɗin zama kamar ɓarawo da furfurata."

"Bayan biki. Na rantse, bayan biki."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauko tef. Tun da yake bai taɓa ɗinka kayan mata ba. Ya auna ta daga nesa, da ido da kunya, ya fitar da riga da zani da ɗan abin ɗaurawa a ka. Kuma da yake hannu ya saba, sai ya yi wa rigar aljihu biyu manya a gefe, da ƙarami a ƙirji na sa biro. Wannan karon ba a ɗauke wuta ba, kwana biyu ya gama.

Fuseina ta kai kayan gida ta tura ƙasan akwati. A kasuwa, da ta ji an fara zancen yayi sai ta tuna tana da aiki a wani wuri, don kada a tambaye ta abin da aka ce a taro. Su ma matan ƙungiyar, kun san halinmu, kowace ta ɓoye ɗinkinta kamar sirrin miya, kada wata ta ga salon hannun rigarta ta kwaikwaya. Ko a igiyar shanya ba a ga ƙyallen yayin nan ba.

Ran biki Basit ya zo da mota tana ƙyalli, ya sa turare har a kujeru. Da ya ga uwarsa ta fito cikin shuɗi, sai ya dafa ƙirji. "Ei, Mma! Yau sai Baba ya so ya dawo." Ta ce ya rufe mata baki. Ya lura da aljihunan, ya ce sabon salo ne ke nan, ta ce sabon salo ne.

A filin wata makaranta aka kafa rumfuna, ga kujerun roba, ga lasifika tana kiɗa, ga ƙamshin shinkafa da wake yana tashi daga manyan tukwane. Basit bai tsaya a bakin ƙofa kamar kowa ba. Sai da ya shigo har tsakiyar fili, ya danna hon sau biyu don a waiwayo, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya kamo hannunta.

Fuseina ta sauko, ta gyara zani, ta ɗaga kai.

Rumfar hagu mata ne cike, kuma duk cikinsu, daga mai goyo har mai sanda, yayinsu ruwan hoda ne. Rumfar dama maza ne, su ne masu shuɗi. Ashe a ɗaya daga cikin Asabar ɗin da ake cin gyaɗa a Kotobabi aka yanke cewa maza da kalarsu, mata da tasu. Kuma a tsakiyar shuɗin nan na maza, mutum ɗaya ne tak cikin farin kaftani, siriri, da tabarau a kan hanci, bakinsa a buɗe.

Fili ya yi tsit, in ban da lasifika. Idanu suka tashi daga kan Fuseina suka sauka kan Imoro, suka sake dawowa. Mutanen Zango ba sa bukatar a yi musu lissafi irin wannan.

Azara mai ƙosai ce ta fara, maƙwabciyar Fuseina, wadda bakinta ya fi man suyarta zafi. "Yaya Fuseina! Barka da zuwa, Alhaji! Yaushe aka naɗa ki?"

"Har da aljihu!" in ji wata daga baya. "Ku duba, har da na biro!"

Rumfar mata ta fashe. A rumfar maza kuma wani ya zunguri Imoro. "Malam Imoro, kai ina naka? Ko ɓera ya ci?"

"Ɓeran mai sayar da albasa ne," in ji Azara, aka sake kwashewa.

Hannun Basit na riƙe da na Fuseina har yanzu, amma ya yi sanyi. Yana kallon mata, yana kallon maza, yana kallon rigar uwarsa.

Sai ga Shifa, sakatariyar ƙungiya, yarinya mai hankali, ta taho da sauri da takalminta mai tsini yana nutsewa a ƙasa. Ita ta fi kowa sanin ba ta taɓa ganin Fuseina a saman bene ba, amma ta saba rufa wa matan unguwa asiri. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ayya, Mma, ki yi haƙuri! Kuskuren daga wajenmu ne, wajen rabo aka haɗa ledoji. Zo ki zauna, za a canza miki."

Ga mafita an ba Fuseina. Abin da ya rage kawai ta ce "ba komai, 'yata," ta wuce ta zauna. Basit zai yarda, don yana son ya yarda. Fuseina har ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan Imoro. Ya miƙe tsaye a cikin fararen kayansa, maza na ta jan gefen kaftaninsa suna dariya, shi kuwa ita kawai yake kallo. Dattijon da bai taɓa cin ƙyallen kowa ba, yau ya zama abin wasan yara saboda ita, kuma a shirye yake ya ci gaba da zama haka in ta so.

"A'a, Shifa," in ji Fuseina. "Allah ya yi miki albarka, amma ba ku yi kuskure ba." Ta juya ga ɗanta. "Basit, ni ko matakalar benen nan ban taɓa takawa ba. Yayin nan na Malam Imoro ne. Wajensa nake zuwa ran Asabar. Ya nemi aurena, ni kuma ina so. Tsoronka ya hana ni faɗa."



Basit ya saki hannunta. Ya juya ya shiga mota ya rufe ƙofa da ƙarfi. Fuseina ta tsaya tana jiran ta ji ya tayar da inji. Bai tayar ba. Sai ta zagaya, ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna kusa da shi. Mai lasifika, Allah ya saka masa, ya ƙara sautin kiɗa.

Basit na riƙe da sitiyari da hannu biyu, kamar yana tuƙi a kan babban titi.

"Duk tasha na gaya musu," ya ce. "Kowane fasinja. Har wani Bature na gaya wa."

"Na sani."

"Me na rage ki da shi, Mma? Ki faɗa mini. Haya? Abinci? In burodin ne bai isa ba..."

"Burodin ya isa, har yana bushewa. Ba ka rage ni da komai ba, ɗana. Amma in ka ajiye shi, hon nake ji, ka tafi. Haka ya kamata, aiki kake yi. Sai in zauna ni da burodi muna kallon juna. Da wa zan ci?"

Basit ya goge gilashin gabansa da hannu, alhali babu ƙura ko ɗaya.

"Mutane za su ce na kasa."

"Mutanen ga su can. Leƙa ka gani."

Ya leƙa. Rumfar mata duk an miƙe tsaye ana leƙen motar. Da suka ga ya waiwayo, Azara ta ɗaga hannu biyu sama ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama. Wata tsohuwa har ta fara taka rawa da sandarta.

"Waɗannan ba zagi suke shiryawa ba," in ji Fuseina. "Yayin biki suke lissafawa."

Aka ƙwanƙwasa gilashi a hankali. Imoro ne, ya cire hula ya riƙe a hannu. Basit ya daɗe kafin ya sauke gilashin.

"Salamu alaikum, Basit."

"Wa alaikumus salam." Ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne telan Kotobabi? Wanda aka kai wa kaftanin Babana?"

"Ni ne."

"Mma ta ce mini tela ya yi tafiya."

"Ina nan, ban je ko'ina ba."

"To an gama?"

Imoro ya sosa ƙeya. Kuma kafin ya yi tunani, bakinsa na tela ya riga shi. "Ka zo ran Asabar."

Fuseina ta toshe baki da ɗankwali. Basit ya cije leɓe, ya kau da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariyar ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ya daɗe yana yi, yana dukan sitiyari, har hon ya yi ƙara.

Da ya natsu ya share ido da bayan hannu. "Ba zan zo ba, Baba Imoro. Kai za ka kawo shi gida, a game. Ka zo da manyanka da goronka, ka shigo ta ƙofa, kawuna na nan zai karɓe ku. Uwata ba ta benci ba ce."

"In sha Allahu," in ji Imoro.

"Kuma ka cire mata aljihunan nan."

"Kul!" in ji Fuseina, ta dafe su da hannu biyu. "Tun da nake ba a taɓa yi mini riga mai hankali irin wannan ba. A bar mini kayana."

Basit ya fito ya sake buɗe mata ƙofa, ya kamo hannunta kamar ɗazu, ya raka ta har rumfar mata. Ta zauna shuɗiya ita kaɗai a tsakiyar ruwan hoda, Azara ta matsa mata, tana tambayarta tun yaushe, da ina, da wa ya fara magana. Da aka kawo abinci, Fuseina ta zuba naman da ba ta cinye ba a leda ta tura aljihu, matan suka yi ta kallo da sha'awa.

Kaftani ya zo ran Asabar, a game, ya zauna wa Basit kamar don shi aka yanka. Da shi ya karɓi baƙi ranar ɗaurin aure.

Bayan biki Imoro ya kama hannun amaryarsa ya hau da ita benen mai fenti, tana hutawa a kowane mataki saboda gwiwa, ya gabatar da ita, Shifa ta sa ta a ƙungiya. Yanzu kowace Asabar da gaske can take zuwa, ta zuba abin da albasa ta kawo, ta zauna a taro har a tashi, don kada a sake yanke wata magana ba ta nan. Sai dai duk ranar da ta yafa mayafi ta ce, "Na tafi kiredit yuniyon," sai Azara ta leƙo daga bayan kaskonta ta ce, "To, Alhaji, a gaida shi."